Abokin Igiyar Hudu

Sallama gare ku, ma'abota wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce wai na cika zargi, da ita ce ni da tuni ta kwantar da ranta. To 'yar uwa, gyara zama. Yau zan kai ku kantin da Hudu yake aiki, in kin fito daga ciki da ranki a kwance sai ki dawo ki faɗa mini.

Ga wanda yau ya fara biyo mu, sunana Hafsatu. A shekarar 1984 ina da ashirin da biyu, ina karatun kimiyyar abinci a Greensboro, can ƙasar Turawa, ina zaune a gidan ƙanen mahaifina, Baffa Ɗalha, malamin jami'a. Gidan yana can McLeansville, inda sai ka tayar da mota kafin ka je yi wa maƙwabcinka barka da asuba. Tun ranar da aka raka ni filin jirgi a Kano Baba ya danƙa wa Baffa maganar aurena. Hudu kuwa ɗan Funtuwa ne, yana digiri na biyu a injiniya. Ya kawo kansa gida da ladabi, ya durƙusa a kan kafet ɗin falo ya faɗi abin da ya kawo shi, Baffa ya ce zai ba shi amsa ranar Asabar ta ƙarshen watan Maris. Ina son Hudu, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Son da nake masa har abinci yake hana ni ci.

Baffa ma yana son sa. Matsalar ita ce matarsa, Anti Mero, Baffa kuwa ko labule ba ya canzawa sai ya ji ta bakinta. Anti 'yar Gembu ce, garin nan na kan tsaunuka, nas ce, doguwa siririya, ba ta kai ta haife ni ba amma tana da kwarjinin da in ta shigo ɗaki sai ka gyara zama. Ba ta da yawan magana, sai dai in aka ambaci Hudu.

"Malam, namijin da kowane weekend yana maƙale a jikin dutse kamar ƙadangare ba mijin aure ba ne," haka take cewa, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ita kanta ba ta cika zama a gida ƙarshen mako ba a sanyin nan. Wani asibiti a Winston-Salem ya ba ta aikin Juma'a zuwa Lahadi, tana kwana a wajen wata abokiyar aikinta. Amma ita ai neman halal take, wa zai haɗa ta da mai hawan dutse?

Kantin da Hudu yake aiki na wani dattijon Bature ne, Mista Tolliver. Tanti suke sayarwa, da manyan takalma, da ƙananan risho, da irin bargon nan mai zif da mutum yake shiga ciki kamar buhu. Ma'aikatan duk mahaukatan dutse ne. Da an sauko daga Juma'a Hudu zai bi su a mota su nufi tsaunukan da ke bayan Boone, sai Lahadi da yamma ya dawo da leɓe a tsage da labari cike da baki. Shi ya yi mini bayanin igiya. Bibbiyu ake hawa, ɗaya yana sama, ɗaya yana ƙasa riƙe da igiyar da aka ɗaura a ƙugunsa. In na saman ya zame, ransa yana hannun na ƙasa.

"To kai wa yake riƙe maka taka?" na tambaye shi.

Ya yi dariya, ya tambaye ni yaya jarrabawa. Duk sanda na sake tambaya sai ya tuna da wani zancen. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Ban sha wahalar nemo wadda zan ɗora wa laifi ba. Akwai wata Darlin mai zama a wajen karɓar kuɗi a kantin, gashinta kamar ɓawon masara, komai aka faɗa sai ta yi dariya har da dafa kafaɗar mutum. Na taɓa ganin ta da idona tana cire wa Hudu zare daga jikin suwaita. Ranar na dawo gida na shige banɗaki na sha kukana. Anti ta ji ni, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ai ta gaya mini, ta wuce.

Abu biyu ne suka riƙe ni a sanyin nan, duk a kan wayar kicin. Na farko na'urar ɗaukar saƙo mai ɗan kaset. Da yake kowa yana ji, Hudu ba ya ambatar sunana, sai ya ce, "Assalamu alaikum Malam, Hudu ne. Mun sauko lafiya. A gai da mutanen gida." Ni ce mutanen gidan, haka na yanke wa kaina. In babu kowa sai in yi ta mayar da kaset ɗin baya har muryar ta fara shaƙewa. Na biyu kuma, yawancin ranakun Alhamis da yamma wayar takan yi ƙara sau biyu ta tsaya. Baffa yana cewa yaran Turawa ne marasa aikin yi. Ni na san Hudu ne yake ce mini ina ransa. Na taɓa tambayarsa ko shi ne, ya sunkuyar da kai yana murmushi, na ɗauka kunya ce.

Ku riƙe wata Alhamis ta watan Janairu. Matar Alhaji Ɗantala na Sedgefield ta haihu, suna ya faɗo ranar Juma'a da safe. Inna ta aiko mini da ɗan ƙullin lalle ta hannun wani ɗalibi, lallen da ko hannun mutum biyu ba zai isa ba, a garin da ko da dala ɗari a hannunka ba ka da inda za ka saya. Anti ce babba, sai na ce ita zan yi wa. Na yi mata irin na kakata, wato a naɗe yatsu da zare kafin a shafa, in an kwance sai fararen zobba su fito a cikin jan, a ɗan ƙaramin yatsa kuma a gitta zaren. Ban taɓa ganin mai yin haka ba in ba 'yan gidanmu ba. Ina cikin shafawa wayar ta yi ƙara sau biyu. Daɗi ya sa na zabura, lallen ya ɗiga a gindin babban yatsanta na hagu. Na goge, amma ya riga ya kama, ya bar tabo mai siffar gyaɗa. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta ce in yi sauri in ƙunsa, tana da kayan da za ta haɗa, gobe daga wajen suna za ta wuce aiki.

Yanzu mu je kanti. Al'adarsu ce in sanyi ya ƙare su rufe kantin wata Lahadi da rana, su haɗu da iyalansu su kalli hotunan tafiye-tafiyen da suka yi a majigi. Hudu bai gayyace ni ba. Mista Tolliver ne ya gan ni na leƙo ranar Talata ya ce lallai in zo. Da na faɗa wa Hudu sai ya ce ai babu abin gani, duwatsu ne kawai da mutane cikin riguna masu kauri. Nan na ƙudurta ko da rarrafe sai na je. Baffa ya ce Anti ta raka ni, tun da makon nan ba za ta aiki ba. Anti ta ce kanta yana ciwo. Sai ya miƙo mini mukullin tsohuwar motarsa, ya ce in dawo kafin magariba.

Na yi shiga ta zuwa yaƙi. Atamfa mai ruwan ganye da Inna ta ɗinko mini, riga da zani, ɗauri na ture ka ga tsiya, kwalli, ɗan kunnen zinariya na Dubai, na ɗora baƙar kot a sama, na feshe jikina da turare har sai da na yi atishawa. Na ce Darlin ta ga abin da ake kira mace.

Na tarar sun toshe tagogi da barguna, sun rataya farin zanin gado a bango, kowa ya zauna a kan abin da ya samu, wani a kwali, wani a naɗaɗɗen tanti. Kantin yana warin sabuwar roba da kofi. Hudu ya ba ni kujera ɗaya tilo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Wani dogo mai gemu, Wendel, shi ne mai ɗaukar hotonsu, shi yake danna majigin.

Gaskiya mutanen suna da daɗin zama, abin ya ba ni haushi. Kowane hoto da labarinsa, kuma kowa sai ya katse ɗan uwansa ya ce ba haka aka yi ba. Ga ranar da iska ta ɗauke tantin Wendel da wandonsa a ciki, suka tsaya suna kallo yana tafiya jihar Tennessee. Ga ƙwan da ya daskare har Mista Tolliver ya buga ƙusar tanti da shi. Ga asubar da Hudu ya narka ƙanƙara a tukunya don ya yi alwala, ya juya baya, ya dawo ya tarar wani ya jefa masa ganyen shayi a ciki. Har ni sai da na yi dariya. Amma idona yana kan bango, ina neman gashin masara.

Ban gan shi ba. Da na kasa haƙuri na tambayi Darlin ina nata hotunan. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ita ko tsani ba ta iya hawa, duk sanyin nan ita aka bar wa gadin kanti. Ta ɗago hannu ta nuna mini zobe, ta nuna Wendel da haɓa, ta ce watan Yuni ne bikinsu. 'Yan uwa, wata uku ina tsine wa baiwar Allah a banza. Na ji kunya, na kuma ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na kalli ƙeyar Hudu na ce a raina, Allah Ya yafe mini, zato zunubi.

Da na tashi na tafi a lokacin, da na tafi da farin cikina.

Sai na fara lura da mai shuɗiyar riga. Kusan duk hoton da Hudu yake sama, akwai wani a ƙasa cikin shuɗiyar riga mai hula, riƙe da igiya, kullum ya ba da baya. Ko a hoton da kowa ya jeru yana washe baki, shi yana gefe yana kallon kwari.

"Ga nas ɗinmu," in ji Mista Tolliver. "Kaico da ba ta samu zuwa yau ba."

Ta. Na ji kalmar ta zauna mini a ƙirji. Suka shiga yabonta. Wai tun zuwanta na farko suka gane ba baƙuwar tsauni ba ce, tana taka dutse kamar a can aka haife ta. Wai ba ta son a ɗauki fuskarta, su kuma suka girmama hakan, suna ganin addini ne. Na saci kallon Hudu. Ina ganin yadda wuyansa ya sandare.

Wendel ya ce yanzu za mu ga hoton da ya fi so a duk shekarar, amma sai an ji labarinsa. A kwarin Linville ne, watan Janairu. Hudu yana can sama a jikin ruwan da ya daskare, ƙanƙarar ta ɓalle da shi. Ya taho ƙasa gadan-gadan. Matar nan da ba ta kai shi nauyi ba ta zauna daɓas, ta kafe ƙafafu a jikin dutse, igiyar ta ci safar hannunta amma ba ta saki ba. Hudu ya tsaya yana lilo, tsakaninsa da duwatsun ƙasa bai fi tsayin mutum ba. Da aka sauko da shi aka haɗa mata shayi, ta cire safar. Wendel ya ce da ya ga hannun ya ɗauka jini ne. Ta ce masa ado ne na ƙasarsu. Ya roƙe ta, tun da ba fuska ba ce, ta bar shi ya ɗauki hannun kawai.

"Hannu ai ba ya tona asirin kowa," in ji shi yana dariya, ya danna.

Hannu biyu suka cika bangon, riƙe da kofin ƙarfe, tururi yana tashi. Jan lalle ya kama raɗau. Fararen zobba a yatsu. Sawun zare a gitte a ɗan ƙaramin. A gindin babban yatsan hagu kuwa, ga gyaɗata nan, girmanta a bangon ya kai faranti.

Aka yi ta tafi. Ni kuwa na kafa wa tabon ido. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Abin da na ji ba kishi ba ne tukuna, tsoro ne, irin wanda kake ji in ka taka matakala a duhu ka tarar babu ita.

Da aka yaye barguna daga tagogi Mista Tolliver ya ɗauko igiyar. Ya ce a sana'arsu igiyar da ta tare babbar faɗuwa ta gama aiki, ba a sake amince mata. Al'adar kantin ita ce a yanka ta a raba wa waɗanda suka yi sanyin tare. Ya yanka da wuƙa, yana ƙona bakin kowane guntu da ashana don kada ya warware. Kowa ya karɓi nasa, saura ɗaya, mafi tsayi. Ya miƙa wa Hudu ya ce ya kai wa mai shi.

"Kawo, ni zan kai mata," na ce. "Na san gidan."

Dattijon ya ji daɗi, ya ce ai dama ya san 'yan ƙasa ɗaya ba sa ɓace wa juna.

Hudu ya biyo ni wajen mota. Rana tana nan fes, har itatuwan bakin titi sun fara fitar da fure.

"Hafsatu, tsaya ki ji."

"Wayar ranar Alhamis, ta wa ce?"

Ya kawar da kai. Wannan ya ishe ni amsa: ba tawa ba ce, ta Anti ce. Ƙara biyu, tafiya tana nan, a haɗa kaya. Ni kuma ina can ina zabura ina ɓata wa mutane lalle.

Ya rantse ba abin da nake zato ba ne. Na ce ban ce ina zaton komai ba. Ya ce da ƙafarta Anti ta shigo kantin a watan Nuwamba tana kallon takalma, ta ga hoton tsauni a bango ta tsaya a gabansa har ya ɗauka ba ta da lafiya. Ta ce tun da ta baro Gembu ba ta sake yin numfashi ya kai mata ciki ba. Ta san Malam ba zai taɓa yarda matarsa ta kwana a daji cikin maza ba. Ta sa shi ya yi alkawari, shi kuma ba ya karya alkawari. Ya ce tantinta daban, kowa shaida ne, in na ga dama in koma ciki in tambaya.

Maganar ta hau daidai, har ta yi mini yawa wajen hawa daidai.

"To in haka ne, me ya sa kullum take ce wa Baffa kada ya ba ka ni?"

Ya ɗago kai da sauri. "Ita take cewa haka?"

"Tun Disamba."

Ban so abin da na gani a fuskarsa ba. Na sa ran fushi, irin na wanda aka yi wa zagon ƙasa a neman aure. Abin da na gani ciwo ne, kuma na kasa gane ko don ni ne ko don ita. Na shiga mota na ja ƙofa. Har na hau titi yana tsaye da guntuwar igiyarsa a hannu.

Na isa gida rana tana shirin faɗuwa. Baffa yana falo da tabarau a hanci yana duba takardun ɗalibai. Mai ciwon kai tana kicin tana tuƙa tuwon semo, miyar kuka tana tafasa a gefe. Na ajiye igiyar a kan teburin kicin, kusa da gwangwanin gishiri. Lallen fata ya daɗe da gogewa, amma na farce sai ya tsiro ya fita, ga jan nan a bakin farcenta. Ta kalli igiyar, muciyar ba ta tsaya ba.

"An nuna fuska?" ta tambaya a hankali.

"Hannu kawai, Anti."

Ta juya hannunta na hagu ta kalli gindin yatsan, inda babu komai yanzu. Ta ɗauki igiyar ta soke a ƙugun zaninta, ta ce in fitar da kwanuka. Ko rawa muryarta ba ta yi ba.

Bayan sallar magariba muka zauna cin abinci. Ina ta juya maganar a raina. In na faɗa, na rushe gidan mutumin da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, a kan abin da wataƙila hawan dutse ne kawai. In na yi shiru, na shiga cikinsu na zama ta uku. Ban gama yanke shawara ba Anti ta zuba wa Baffa miya ta ce:

"Malam, maganar yaron nan Hudu. Na sake tunani, ni ce na matsa da yawa. Yaron kirki ne, yana da riƙon amana. In Asabar ta zo a ba shi ita."

Baffa ya ajiye cokali, fuskarsa ta cika da fara'a. Ya yi hamdala, ya ce dama abin da yake jira ke nan, gobe ma zai buga wa Baba waya a Kano. Abin da na kwana ina roƙon Allah a kai duk tsawon sanyin nan, ga shi an ajiye mini a gaba kamar malmalar tuwo. Anti ta turo mini kwanon miya, jan farcenta a bakin kwanon, idonta a cikin nawa.

"To Hafsatu, Antinki ta sauko," in ji Baffa. "Saura ke. Ba na yi miki dole. Kina son sa?"

A daidai nan wayar kicin ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta tsaya. Ranar Lahadi ce, ba Alhamis ba, kuma ni da Anti a tare muka waiwaya.

"Yaran nan ba sa gajiya," Baffa ya ce, ya gyara tabarau. "Ina jin ki, 'yata."

Baiwar Allah mai cewa na cika zargi, ga Baffa nan yana jira. Ke me za ki ce masa?